Carbin magani a cikin ƙashi: amfaninsa da lokacin cire shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya karye a ƙwauri a hatsarin babur wata 8 da suka wuce. An yi masa ɗorin gida, amma har yau wurin yana fitar da mugunya. Likita a nan Jos ya ce sai an yi tiyata an sa wasu ƙananan ƙwallaye masu magani a cikin ƙashin. Me ya sa allura ba za ta isa ba? Daga mai karatu a Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya.

Maganin allura jini yake bi. Ƙashin da ya daɗe yana mugunya kuwa, galibi wani ɓangarensa ya mutu, jini ba ya isa gare shi. Ƙwayoyin cuta kan lafe a nan, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa. In aka yi ta ƙara allura, musamman gentamicin, ƙoda da ji ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

Shi ya sa ake kai maganin har cikin ƙashin. A Jamus aka fara cuɗa shi da simintin ƙashi, wajen 1970. Simintin wani nau'in roba ne, yana zuwa gari gram 40 da ruwan kwaɓinsa. Likita kan zuba garin vancomycin ko gentamicin, yawanci gram 2 zuwa 4, ya kwaɓa, ya mulmula ƙanana kamar milimita 7, ya jera su a siririyar waya, sak carbi. Kwaɓin yana zafi sosai lokacin da yake daskarewa, don haka sai maganin da ke jure zafi ake sawa.

Amma fa carbin ba shi ne babban aikin ba. Babban aikin shi ne kankare mataccen ƙashi da ruɓaɓɓen nama har sai an tarar da mai jini. In aka bar ko ɗan guntu, ciwon zai dawo, ko carbi nawa aka zuba. A lokacin ne kuma ake ɗebo nama daga can ciki a kai awo, don mugunyar bakin ciwo takan yaudari mai awo. Idan ƙanenka mai sikila ne a faɗa wa likita tun farko, domin ƙwayar Salmonella ta fi addabar ƙashinsu.

Inda aka fi samun matsala shi ne bayan an sallami maras lafiya. Maganin yakan fito da ƙarfi a kwanakin farko, sannan ya yi ta raguwa cikin 'yan makonni. Da ya ƙare, simintin ba ya narkewa, sai ya zama matattarar ƙwayoyin cutar da aka zo kashewa. Mutane da yawa da sun ga mugunya ta tsaya sai su ɗauke ƙafa, kuskuren ke nan. Ku tambayi ranar tiyatar cire carbin, ku tanadi kuɗinta tun yanzu, a kuma rubuta adadin ƙwallayen da aka sa.

Akwai irin na calcium sulfate da jiki ke narkarwa da kansa, ba sai an sake yanka ba. Ya fi tsada, kuma yakan sa ciwon tsiyayar ruwa na ɗan lokaci.

Ko wanne aka sa, yawanci za a ci gaba da allura ko ƙwayoyi kusan mako 6, tare da awon ƙoda. Zazzaɓi, kumburi ko raguwar fitsari, a koma asibiti a ranar.