Amsa ga ɗana game da bindiga mai cin harsashi ɗaya

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso gare ni, kuma na jinkirta amsa ne don tambayar ba ta amsuwa a layi biyu. Ka ce lasisinka ya fito, kana so ka sayi bindigar harbin zomo da kurciya da makwarwa, amma duk dattijon maharbin da ka tuntuɓa sai ya ce ka fara da mai baki ɗaya mai cin harsashi ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya, kuma ka riƙa yawo da ita a karye. Kana so ka san ko akwai dalili a cikin wannan al'ada, ko kuwa tsufa ne kawai yake sa mu riƙe abin da muka tarar. Ka ƙara da cewa idan lallai ita za ka saya, to za ka nemi wadda ta fi kowace ƙanƙanta da rashin nauyi. Dattijan nan sun faɗa maka gaskiya, amma a kan maganarka ta ƙarshe ina da ja.

Abin da ya sa ake ɗora sabon maharbi a kanta shi ne ba ta ɓoye halin da take ciki. Idan ka danna maɓallinta ta karye, bututun ya rabu da ƙusar da ke bugun harsashi, don haka ko an ja kunama babu abin da zai tashi, kuma wanda yake taku ashirin daga gare ka yana ganin haka da idonsa ba sai ya tambaye ka ba. Bindigar da ke ɗauke da harsashi uku ko biyar a cikinta ba haka take ba, domin ba a karya ta, abokin tafiyarka sai dai ya yarda da maganarka cewa ka zazzage ta, kai kanka kuma sai dai ka yarda da ƙwaƙwalwarka. Gani ya kori ji. Daga nan ne sauran ladubban maharba suka samo asali: ba a miƙa wa mutum bindiga sai a karye, ba a karɓa sai an leƙa cikinta, ba a tsallake shinge ko rami da harsashi a ciki, kuma idan ka haɗu da wani a hanya kana karya ta ne tun kafin ka yi masa sallama.

Leƙen nan da ake yi yana da wani amfani da matasa ba su cika lura da shi ba. Idan ka ɗaga bututun ka duba ta baya, dole ka ga haske zagaye, tas, har ƙarshe. Mutum yakan yi tuntuɓe bakin bindiga ya taɓa ƙasa ya ɗebi laka ba tare da ya sani ba, kuma ɗan toshewar da ba ta kai kan yatsa ba tana iya kumbura bututun ko ta tsage shi a lokacin harbi.

Dalili na biyu ya shafi tarbiyyar hannu. Wanda ya san yana da harsashi na biyu da na uku yakan saki na farko da gaggawa, yana dogara da cewa zai gyara. Wanda ya san guda ɗaya gare shi yakan jira dabba ta shigo tazarar da ta dace, ya duba abin da ke bayanta, ya ɗora ƙota a kafaɗa yadda ya kamata, kuma sau da yawa yakan sauke bindigar ya bar dabbar ta tafi. Ni a ganina wannan saukewar ita ce babban abin da ake son ka koya a shekararka ta farko. Sauƙin ƙirarta kuma ya sa ta bazu ko'ina: kamfanin Winchester na Amurka ya ƙera samfurinsa mai lamba 37 daga 1936 zuwa 1963 har fiye da guda miliyan ɗaya, Harrington & Richardson ya shafe shekaru masu yawa yana fitar da Topper, Rasha kuma tana da Baikal IZh-18. Sassan da ke motsi a cikinsu kaɗan ne, shi ya sa suke kai wa jikoki idan ana goge su ana sa musu mai.

Yanzu ga inda muka saba. Rashin nauyi daɗi ne ga mai ɗauka, amma azaba ne ga mai harbi, domin ƙarfin da ke tura ƙwayoyin dalma gaba shi ne yake tura bindigar baya, kuma nauyin bindigar ne yake shanye wannan duka kafin ya isa kafaɗa. Wani maƙerin bindigogi na Ingila, W. W. Greener, ya bar ƙa'idar da har yau ake aiki da ita, cewa nauyin bindiga ya ninka nauyin ƙwayoyin da take harbawa sau 96. Ka yi lissafin da kanka. Harsashi mai giram 32 yana neman bindiga mai kusan kilo 3, mai giram 24 kuwa kilo 2.3 ya ishe shi. Yawancin masu baki ɗaya marasa nauyi ba su kai kilo 3 ba, don haka idan ka ɗauki mai lamba 12 a cikinsu ka cusa mata harsashi mai nauyi, za ta dake ka har ka fara runtse ido kana janye kafaɗa tun kafin ka ja kunama, kuma wannan ɗabi'a idan ta shiga jiki tana da wuyar fita.

Bari in bayyana maka lambobin nan, don suna rikita mutane. Lamba 12 na nufin idan aka raba dalma laba ɗaya, wato giram 454, zuwa dunƙule 12 masu girma ɗaya, kowane dunƙule zai cika faɗin bututun daidai. Shi ya sa lamba 20 ta fi lamba 12 ƙanƙanta: faɗin 12 kusan milimita 18.5 ne, na 20 kuma kusan 15.6. Ita .410 daban take, domin lambarta awon inci ce, kusan milimita 10.4. Na san ita idonka yake kai, saboda wasu daga cikinsu ana ninke su biyu a sa a jaka, ba su da dukan kafaɗa, kuma mutane da yawa suna ɗauka ita ce ta masu koyo. Amma gajeren harsashinta giram 14 kawai yake ɗauka, wato ƙwayoyi kusan 110 idan masu lamba 6 ne a awon girman ƙwayoyi na Amurka, alhali giram 24 na lamba 20 yana ba ka kusan 190. Ƙwayoyi kaɗan na nufin giɓi mai yawa a cikin watsuwarsu, kuma da zarar tazara ta wuce mita 20 zuwa 25, raunata dabba ya fi kashe ta yawa. Bindigar gwani ce. Zomo ko kurege da ke zaune kusa tana isar masa, amma tsuntsu a sama zai ba ka kunya. Shawarata ita ce lamba 20 mai nauyin da bai gaza kilo 2.5 ba, da ƙotar da ta yi daidai da tsawon hannunka.

Akwai wuri ɗaya da wannan bindiga take da haɗari, kuma masu yabonta ba su cika faɗa ba. Da yawansu suna da 'yar guduma a baya wadda ake ja da babban yatsa a ɗana. Idan ka ɗana sannan dabba ta ɓace, dole ka mayar da gudumar, wato ka riƙe ta da yatsa, ka ja kunama, ka sauke ta a hankali a kan harsashi mai rai. Ina saurayi, wata safiya mai raɓa, yatsana ya zame a daidai wannan lokaci, bindigar ta tashi, ƙwayoyin suka haƙa rami a ƙasa taku ɗaya daga ƙafata, ƙasar ta watsu har cikin bakina. Abin da ya cece ni kawai shi ne bakin bindigar yana kallon ƙasa. Sababbin ƙira da yawa suna da wani ɗan ƙarfe da ke hana gudumar isa ga ƙusa sai an riƙe kunama, don haka ka tambaya kafin ka saya, ka kuma yi ta gwada ɗanawa da saukewa da bindiga babu harsashi har yatsanka ya saba. Kada ka taɓa tafiya da ita a ɗane.

Kada ka haɗa harsasai iri biyu a aljihu ɗaya. Na lamba 20 idan ya faɗa cikin bindiga mai lamba 12 yakan zurma gaba ya maƙale inda ba a ganinsa, mutum ya ɗauka babu komai ya sa na 12 a bayansa, bututun ya fashe kusa da hannunsa. Wannan ne ya sa kamfanoni da yawa suke yi wa kwanson lamba 20 launin ruwan ɗorawa. Ka karanta tsawon harsashin da aka buga a jikin bututun, ko milimita 70 ko 76, kada ka sa dogo a inda aka yi don gajere. Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, ka riƙe bakinta yana kallon inda babu kowa na rabin minti kafin ka karya ta. Ka tuna kuma ƙwayoyi masu lamba 6 suna iya wuce mita 200 kafin su faɗo, ko da yake ba sa kashe zomo a rabin wannan tazara.

Idan ka saye ta, kada ka fita farauta da ita tukuna. Ka kawo mini ita da harsasai goma da manyan kwalaye guda uku, mu kafa su a gaban tudun ƙasa a mita 15 da 25 da 35, mu zana da'ira mai faɗin santimita 76 a kan kowanne, mu ƙirga ramukan da suka faɗa ciki, domin ka ga da idonka inda iyakar bindigarka take. Ka zo da abin toshe kunne guda biyu, ɗaya naka ɗaya nawa, ka kuma gaishe mini da mutanen gida.