Kafin ku sa hannu, ku nemi ganin kasafin

Hajiya, kin ce wata ƙungiyar Turai mai aikin sasanta al'umma ta nemi ƙungiyarku ta mata ku haɗa hannu, kina tambaya ko ku amsa. Shekarata tara ina wannan harka tsakanin Maradi da Gidan Rumji.

Galibi tuwon ya riga ya dahu a Yamai kafin a kawo muku. Mai kuɗi ya ba babbar ƙungiya, ita kuma ta yanko muku aikin tara jama'a: taron kwana biyu a otal, takardar sa hannu, jika biyar-biyar na zama, hoto gaban kyalle. Na taɓa shirya irinsa kan rikicin manoma da makiyaya. Zaure ya cika maƙil, amma hardon da shanunsa ke bin burtalin da ake rigimar a kai yana can ruga, ba wanda ya aika masa, wai ba ya jin Faransanci. Wata 18 kuɗi suka ƙare, kwamitin da muka kafa ya bi su. Ko na kiran waya babu.

Waɗanda na ga aikinsu ya yi ƙarko su ne masu fara tambaya: wa ke raba gardama a garin nan? Ai ba fanko suka tarar ba. Bayan kisan da aka yi wa makiyaya a garin Toda na jihar Maradi a 1991 aka yi dokar karkara ta 1993, wadda ta kawo kwamitocin filaye, COFO. Wata ƙungiya ta zauna da mai gari da liman da wakilin ƙungiyar makiyaya ta AREN, aka shata burtali, ta sayi siminti aka kafa turaku. Suna nan har yau. Haka a 2019, da 'yan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato suka kwararo, talakawa ne suka buɗe musu rumbu kafin HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kai wasu Garin Kaka da Cadakori.

To ku amsa, amma ku ga kasafin da idonku, ku sa kuɗin haya da wuta da na mai riƙe muku lissafi. Takardunku su cika, domin tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hukuma ta sa ido sosai. A 2025 har CICR, ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta ƙasa da ƙasa, aka sallama daga ƙasar.

Kuma Hajiya, in wata ta faɗa muku abin da 'yan bindiga suka yi mata a yankin Madarunfa, kada sunanta ko garinsu ya shiga rahoto, ko da an matsa muku. Ku rubuta "wata mata", ya isa.