Na yi lissafi da 6-31G*, aikina ya lalace ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗalibar mastas ce, ina lissafin ƙarfin haɗin haidurojin tsakanin ruwa da metanol, da kuma tsakanin OH⁻ da ruwa. Duka da B3LYP/6-31G* na yi, wato hanyar lissafi ta B3LYP da besis ɗin 6-31G* (besis shi ne jerin fankishan na lissafi da kwamfuta ke zana ilektiron da su), don shi na gani a aikin waɗanda suka riga mu. Saura makonni kaɗan difens, wato kare aikina a gaban malamai, an tambaye ni dalilin zaɓar wannan besis ɗin na rasa bakin magana. Laftof ɗina ba ƙarfi, ga matsalar wuta. Wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, bai lalace ba, amma akwai gyara.

Na OH⁻ ɗin dai dole ki sake. Anayon, wato mai cajin negatif irin OH⁻, ƙarin ilektiron ɗinsa na bazuwa nesa da nukiliyos, shi kuwa 6-31G* ba shi da difus ko ɗaya, wato fankishan mai faɗi, da zai riƙe shi a can. Ki ɗauki besis mai difus, def2-TZVPD ko aug-cc-pVTZ. Na ruwa da metanol def2-TZVP ma zai yi tare da D3, wato gyaran da ake ƙara wa B3LYP don disfashon (ɗan janyen da ke tsakanin molikul da molikul), amma tunda ƙanana ne sa difus ɗin a duka ki huta. Kuma ki daina tsoron laftof ɗinki. Molikul ɗin ruwa ɗaya fankishan 7 ne a ƙaramin besis na STO-3G, 43 a def2-TZVP, 92 a aug-cc-pVTZ. Ruwa da metanol a haɗe 129 ne kacal a def2-TZVP, manhajar ORCA za ta gama miki kafin ki ci abincin rana, kyauta ce kuma ga ɗalibai.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan "shi na gani a aikin waɗanda suka riga mu". Ba laifinki ba ne, kusan kullum sai na ji shi. 6-31G ya fito daga rukunin John Pople a 1972, aka ƙara masa folarizeshon (shi ne tauraron da ke 6-31G*) a 1973, lokacin da wayar hannunki ta fi kwamfutar jami'a ƙarfi nesa ba kusa ba. Don dole aka yi shi ƙarami. Mu kuma muka mai da shi gado, ɗalibi ya kwafa daga ɗalibi, ga masu yi wa mutane lissafi a kan kuɗi, layi guda suke da shi a fayil, ko me aka kawo musu shi za su liƙa, ko anayon ne ko ƙarfe ne ba ruwansu, in ka yi magana su ce ai lamba ta yi daidai da gwajin lab.

To wannan daidai ɗin ne haɗarin. In besis ya yi ƙanƙanta, molikul biyu da suka matso kusa kowanne sai ya ari fankishan ɗin maƙwabcinsa ya cike giɓinsa, sai haɗin ya fito da ƙarfin da ba nasa ba. Shi ne BSSE, tun 1970 Boys da Bernardi suka kawo hanyar gyara shi, wato kawuntafoyis. Haɗin ruwa biyu wajen 5 kcal/mol ne, gwada shi da 6-31G* ba gyara ki ga yadda zai haura. Shi kuma B3LYP ba ya ganin disfashon, yana rage ƙarfin haɗi. Ɗaya ya ƙara, ɗaya ya rage, wani lokacin su faɗo kusa da gaskiya, mutum ya ɗauka iyawa ce alhali sa'a ce. Canza molikul sa'ar ta ƙare. Kruse, Goerigk da Grimme sun yi takarda sukutum a 2012 a kan wannan, har yanzu ana ta liƙa B3LYP/6-31G*. Kar kuma ki ruga 6-311G ki ce kin haura mataki, Grev da Schaefer sun nuna tun 1989 bai kai tiriful-zeta na gaskiya ba, wato matakin besis irin def2-TZVP.

A difens, kar ki jefar da tsohon sakamakon. Yi tebur ɗaya: 6-31G*, sai tiriful-zeta, sai kwadiriful, matakin da ke sama da shi, in laftof ya ɗauka, da kawuntafoyis da kuma ba shi. Inda lambar ta daina motsi nan ne amsarki. Ki dai tabbata besis ɗaya kika yi wa haɗin da ɓangarorinsa kafin ki ɗebe wannan daga wancan, don na sha ganin an cakuɗa su.