Dalilin da ya sa Baba bai gajiya da fim ɗin Airport

Assalamu alaikum jama'a. Ɗana, tun shekaranjiya na ga tambayarka, cewa mahaifinka ya kalli fim ɗin Airport na 1970 ya fi sau goma, kai kuwa da ka zauna kusa da shi barci ya kwashe ka tun jirgin bai tashi ba, shi ne kake son a gaya maka abin da ke ciki har dattijo yake ta maimaita shi. Na jinkirta amsa ne sai na samu natsuwa, don maganar ta taɓa ni. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina aikin ƙasa a filin jirgin sama, na faro daga lodin kaya har na zama mai kula da masu tarbar jirgi idan ya sauka. A kaset na fara ganin fim ɗin, a ɗakin wani abokin aikina, kuma har yau duk shekara sai na sake shi.

Ba laifinka ba ne da ka yi barci. Ka shiga kallon ne da tsammanin faɗuwar jirgi da wuta da ihu, irin finafinan yanzu. Shi kuwa wannan ya kai awa biyu da kwata, kuma bam ɗin da ake ta fargaba ba ya tashi sai an wuce rabi da nisa. Duk abin da ke gaban wannan labarin dare ɗaya ne a wurin aiki, daren da komai ya dagule lokaci guda. Wanda ya taɓa kwana a bakin aiki da alhakin rayukan mutane a wuyansa, wannan sashen da kake gani kamar jan lokaci shi ne yake riƙe shi a kujera.

Daga littafin Arthur Hailey na 1968 aka ɗauko labarin, George Seaton ya ba da umarni. Filin jirgin da ke ciki, Lincoln, na ƙirƙira ne, an ce yana kusa da Chicago, amma a filin jirgin Minneapolis aka ɗauki hotunan. Dusar ƙanƙara na zuba kamar da bakin ƙwarya. Wani Boeing 707 ya sauka lafiya, wajen karya kwana matuƙin ya kuskure, tayoyin suka nutse a gefen titi, wutsiyar ta tare babban titin sauka, mai lamba 29. Shi ke nan, daga wannan ɗan kuskuren komai ya biyo baya. Sai a koma amfani da gajeren titi, wanda jiragensa ke tashi ta saman wata unguwa, mutanen unguwar kuma su taso da ƙorafin ƙara. Manajan filin, wanda Burt Lancaster ya fito a matsayinsa, manya na matsa masa ya rufe, matarsa na kira a waya tana faɗa, ga surukinsa matuƙin jirgi, Dean Martin, yana yi masa gani-gani.

Mu nan ba mu san ƙanƙara ba, hazo muka sani. Amma na taɓa tsayawa a kan titin jirgi da asuba cikin hunturu, jirgin da ya sauka tayarsa biyu sun fashe, ya tsaya cak a tsakiya. Ba ka ganin mutum daga nan zuwa can sai hasken tocilarsa. Rediyon da ke hannuna ba ta yi shiru na minti ɗaya ba, daga hasumiya ake tambaya saura minti nawa, don akwai wani a sama yana kewayawa, mai kuma yana raguwa. Jak ɗin da muka kawo ya ƙi ɗaga nauyin, sai da aka koma aka jawo babba. Wani dattijon bakanike ya kwanta a kan kwalta da rigar sanyinsa, yatsunsa sun ƙage, yana kwance notuna ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaga kai ya kalli kowa ba. Fasinjojin da ke saman nan har suka sauka suka kama gabansu ba su san da shi ba. Ba kuma za su taɓa sani ba.

Shi ya sa a duk fim ɗin babu wanda nake so kamar Joe Patroni, bakaniken da George Kennedy ya fito a matsayinsa, da ƙatuwar sigarinsa a baki. Daga gida aka kira shi cikin dare, ba ma kamfaninsa ne ke da jirgin da ya maƙale ba. Ya sa aka haƙa rami a gaban tayoyi, aka shimfiɗa katako, ana ta fama da shebur. Da lokaci ya ƙure, manaja ya ba da umarni motocin share ƙanƙara su ture jirgin gefe ko da za su lalata shi, don rai ya fi ƙarfe. Patroni ya hau kujerar matuƙi da kansa, ya buɗe wa injina huɗun nan wuta har jirgin na karkarwa, ana ta kiransa a rediyo ya kashe ya sauko, bai saurara ba sai da tayoyin suka fito. A aikin gaske ba zan shawarci kowa ya yi haka ba, ƙa'ida ƙa'ida ce. Amma na san irin mutumin, wanda ya shekara talatin yana shafa cikin injin har ya san iyakarsa fiye da abin da aka rubuta a littafi. Kowane fili yana da nasa.

Jirgi na gaske suka yi haya suka yi masa fenti da sunan kamfanin da babu shi, shi ya sa duk abin da aka ɗauka a ƙasa yake da nauyi a ido. Wannan jirgin ma daga baya ya koma ɗaukar kaya, ya faɗi a São Paulo ta Birazil a 1989. Ranar da na ji haka jikina ya yi sanyi.

To sai mai bam. Nan ne nake ganin matasa ke rasa zaren, don sun saba da mugu mai ƙaton murya da rundunar yara. Guerrero, wanda Van Heflin ya fito a matsayinsa, ɗan kwangila ne da ya karye, gwanin fasa duwatsu da nakiya, ga taɓin hankali da ya taɓa kai shi asibiti. Ba shi da aƙida, ba shi da abokin gaba. Talauci da kunya suka rufe masa ido har ya ga babu abin da ya rage ya bar wa matarsa sai kuɗin inshorar ransa. Ya sayi tikitin zuwa Rum, ya tsaya a teburin inshora a cikin filin yana ƙirga 'yan canjin aljihunsa, da nufin ya tayar da abin a saman teku inda ba za a samu shaida ba. Bai tsaya ya ƙirga sauran rayukan da ke cikin jirgin ba, kuma fim ɗin bai wanke shi ba. Sai dai kana kallon zufa a goshinsa da yadda ya rungume jakar da bam ɗin ke ciki a ƙirji, tsoro da tausayi su haɗu maka wuri ɗaya.

Kada ka ɗauka tatsuniya ce. A watan Mayu na 1962 wani 707 da ya tashi daga Chicago zuwa Kansas City ya tarwatse a saman iyakar Iowa da Missouri, mutum 45 suka mutu, bincike ya nuna wani fasinja ne da ya sayi inshora mai yawa ya tayar da nakiya a banɗakin baya. Za ka kuma yi mamakin yadda mutum ya shige da jakarsa babu wanda ya buɗe. Haka abin yake a lokacin. Sai a farkon 1973 aka wajabta binciken kowane fasinja da kayan hannunsa a Amurka. A fim ɗin wani dattijon jami'in kwastan ne kawai ya lura da yadda mutumin ya riƙe jakar, ransa bai kwanta ba, ya faɗa wa wata ma'aikaciya. Idon da ya daɗe yana kallon matafiya ke nan. Na yi aiki da masu irin wannan ido, kafin na'ura ta yi ƙara su sun riga sun gane.

Akwai tsohuwar nan mai shiga jirgi a sace ba tikiti, Helen Hayes, wadda ta ci kyautar Oscar da wannan fitowa. Ita ce ke kawo dariya, kuma sai aka yi dace ta zauna daidai kusa da mai bam, har aka nemi taimakonta wajen dabarar ƙwace jakar. Dabarar ta kusa ci, wani fasinja mai shisshigi ya ɓata ta, ya karɓe jakar ya mayar wa mai ita don yana ganin an zalunce shi. Ka kuma lura da yadda matuƙan suka juya jirgin a hankali, da faɗi, don kada fasinjoji su gane an fasa tafiya, sai wani yaro mai wayo ya dubi taurari ta taga ya ce ai sun sauya wuri. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ba a ganinsu duka a kallon farko.

Bayan fashewar ma ba a cika ka da ƙarya ba. Jirgi a can sama iskar cikinsa a matse take, don ta waje ba ta isa numfashi. Da rami ya buɗe a baya sai iskar ta fice da ƙarfi tana jan duk abin da ba a ɗaure ba, robobin shaƙar iska su faɗo, matuƙa kuma su dulmiyo da jirgin da sauri zuwa wajen ƙafa dubu goma inda mutum zai iya numfashi da kansa. Wutsiya ta samu rauni, dole a sauko da gudu fiye da na kullum, gajeren titi kuwa ba zai isa a tsaya ba. Ka ga inda zaren ya haɗu? Ran mutanen da ke sama yana hannun masu shebur a ƙasa. Sannan ga muryar mai kula da na'urar hango jirage, yana karanta wa matuƙi hanya a natse, ka ɗan yi hagu, ka yi ƙasa kaɗan, kamar mai jan makaho. Babu kiɗan da ya kai wannan muryar tayar da tsigar jiki.

Ba zan ce maka ba shi da aibu ba. Rikicin manaja da matarsa ya yi tsawo, ni kaina nakan tura shi gaba. Jirgin da ake nunawa cikin gajimare kana gani ka san na roba ne. Alaƙar matuƙin nan, surukin manaja, da ma'aikaciyar jirgin da ta ɗauki cikinsa, alhali yana da aure, an yi mata ado fiye da yadda ta cancanta, ko da yake a ƙarshe an nuna fuskar matarsa tana tsaye tana kallo ya wuce ta yana bin gadon da aka ɗauko yarinyar, kuma wannan kallon ya isa hukunci. Masu sharhi da yawa a lokacin sun raina fim ɗin, suka ce tsohon yayi ne. Jama'a ba su bi ta tasu ba. An kashe wajen dala miliyan 10, ya dawo da sama da miliyan 100, ya shiga takarar Oscar a rukuni goma, ya kuma buɗe ƙofar finafinan bala'i na shekarun 1970. Uku suka biyo bayansa da sunan Airport, George Kennedy na cikin dukkansu, amma kada ka fara da su. Sun ƙara hatsari sun rage mutane, har abin ya zama na ba'a.

Akwai wani abu kuma game da tsararmu, mu da mahaifinka. Ina yaro lokacin da wani 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, ranar 22 ga Janairu 1973, mutum 176 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Gidaje da yawa an yi girki an share tsakar gida ana jiran Alhaji da Hajiya, sai zaman makoki ya maye gurbin barka da sauka. Wanda ya tashi da wannan a zuciyarsa, idan ya ga jirgi irin wannan, mai rami a jikinsa, ya taɓa ƙasa ya tsaya dab da ƙarshen titi, mutane na saukowa da ƙafafunsu, ba nishaɗi kaɗai yake samu ba. Ni dai duk sanda aka zo wurin sai na ji na ce Alhamdulillahi a fili, ko da na san ƙarshen tun shekaru.

Amma wurin da ya fi tsaya min a rai ba saukar ba ce. Matar Guerrero ce, Inez, wadda Maureen Stapleton ta fito a matsayinta. Mai aiki ce a wani ɗan gidan abinci, ta gaji da rayuwa amma ba ta gaji da mijinta ba. Da ta gane inda ya nufa ta biyo shi filin jirgi cikin sanyin nan, ta iso jirgi ya riga ya bar ƙofa. Daga nan sai ta zama kamar wadda aka zare wa laka, tana yawo cikin cunkoso ba ta ganin kowa, har aka kai ta ofis ana lallashinta ta yi magana, da kyar kalmomin ke fitowa. Da jirgin ya dawo, fasinjoji na shigowa da raunuka da barguna a kafaɗa, sai ta kutsa cikinsu tana kuka tana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, a kan laifin da ba ita ta yi ba. Na sha tsayawa a ƙofar fitowar fasinjoji daren da jirgi ya makara ba bayani, na ga mata sun riƙe ƙarfen shinge da hannu biyu, bakinsu na motsi da addu'a, ba sa tambayar kowa komai don suna tsoron amsar. Fuskar Inez tasu ce sak.

Idan za ka sake gwadawa, ka bari sai dare, ka ajiye waya a wani ɗaki, ka zauna kusa da Baba. Ka jure awar farko, ka riƙa bin jirgin da ya maƙale da jakar da ke ƙirjin mutumin nan, sauran za su zo da kansu. In ya fara ba ka labari a tsakiya, ka tsayar da fim ɗin ka saurare shi. Ka gaishe min da shi da kyau.