Ina manne wa bakin titi, amma 'yan adaidaita na matse ni

Tambaya: Na fara hawa keke da yamma don motsa jiki, ina bin Titin Zariya a Kano. Kullum a ƙarshen kwalta nake tafiya, duk da haka 'yan adaidaita sahu na matse ni. Ina ya kamata in bi?

Amsa: Malam, mannewar nan ita ce matsalar. A ƙarshen kwalta yashi da fasassun kwalabe suke taruwa, kuma nan mai adaidaita yake faɗowa ba sigina da zarar fasinja ya ɗaga hannu. Ka bar kamar mita 1 tsakaninka da gefen titi, haka ma motar da aka ajiye, don ana iya buɗe ƙofa ba zato. Ka tafi a miƙe. Kafin ka kauce wa rami, waiwaya, sannan ka miƙa hannu.

Amma babban haɗarin ba adaidaita ba ne, tirela ce da tifa. Tun 1972 hannun dama ake bi a Najeriya, direba kuwa yana zaune a hagu, saboda haka ɓangaren damansa, inda mai keke yake, shi ne bai cika gani ba. Idan tirela za ta karya dama, sai ta fara buɗewa hagu. Kai kuma ka ga fili, ka shige. To, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yankowa suke ciki, su rufe filin nan kana cikinsa. A danja ko shataletale ka tsaya bayanta, kada ka jera da ita. In ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Birki kuma, ka matsa duka biyun tare. Na gaba ne mai ƙarfin tsayarwa, amma in ka danne shi kaɗai a kan yashi, taya za ta zame. In wilinka na ƙarfe ne irin na tsohuwar Phoenix, da damina robar birki ba ta kamawa nan take, sai ka fara matsawa tun daga nesa.

Tunda da yamma kake fita, magariba na iya riskar ka: farar fitila a gaba, ja a baya, riga mai haske, da hular kwano. Ƙafar wando ta dama kuwa ka naɗe ta, kada sarƙa ta cafke ta.