Tambayoyi da Amsoshi: Me Ya Sa Laburaren Jami'a Ke Ba Da Babi Ɗaya Kacal?

Tambaya: Ina karatun digiri na biyu a wata jami'a a Ingila. Malamanmu suna sanya mana abin da za mu karanta a shafin kwas, amma kullum babi ɗaya ne daga littafi, kuma shafin farko na fayil ɗin gargaɗi ne kan haƙƙin mallaka. Na roƙi ma'aikacin laburare ya ƙara mini babi biyu daga littafin, ya ce ba shi da izini. Matsalar na'ura ce ko ta doka? Kuma zan iya tura wa ƙanwata da ke karatu a gida?

Amsa: 'Yar'uwa, na'urar da ta ɗauki babi ɗaya za ta iya ɗaukar littafin gaba ɗaya kafin la'asar. Abin da ya ɗaure hannun ma'aikacin shi ne lasisin da jami'arku ta saya. A Birtaniya, dokar haƙƙin mallaka ta shekarar 1988 ta bar wa marubuci da mawallafi ikon kwafar aikinsu, kuma wannan iko yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Da yake ba zai yiwu kowane malami ya riƙa rubuta wa kowane mawallafi takardar neman izini a kan kowane babi ba, sai marubuta da mawallafa suka kafa hukuma guda a 1983, wato Copyright Licensing Agency, wadda aka fi sani da CLA. Jami'a tana biyan kuɗi duk shekara gwargwadon yawan ɗalibanta, hukumar kuma tana raba kuɗin ga masu haƙƙi.

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce babi ɗaya, ko kashi 10 cikin 100 na littafin, duk wanda ya fi yawa, ga kowane kwas. Idan littafi yana da shafi 400, kashi 10 ɗinsa shafi 40 ne. Idan babin da malami yake so ya kai shafi 55, za a iya ɗaukarsa dukansa domin babi ɗaya ne, idan kuwa shafi 18 ne kawai, ana iya ƙarawa daga wani wuri har a cika 40. Akwai wasu sharuɗɗan da ɗalibi ba ya gani. Dole jami'a ta mallaki littafin, ko ta sayi kwafin da aka biya kuɗin haƙƙinsa, galibi daga Babban Laburaren Birtaniya, saboda haka littafin da malami ya sayo da kuɗinsa bai wadatar ba. Dole kuma a duba lambar ISBN, wato lambar shaidar littafin, a ga ko mawallafin yana cikin yarjejeniyar, domin wasu sun cire littattafansu. A 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe laburare, an sassauta iyakar na ɗan lokaci, daga baya aka koma yadda ake.

Ta fuskar fasaha, jami'o'i da yawa suna ajiye waɗannan fayiloli a rumbun da CLA ta buɗe a 2016, mai suna Digital Content Store. Abin da kike gani a shafin kwas na Moodle ko Blackboard mahaɗi ne kawai zuwa rumbun, shi ya sa ake neman ki shiga da sunanki na jami'a kafin ya buɗe. Rumbun yana liƙa shafin gargaɗin da kansa, yana kuma ajiye lissafin abin da aka ɗauka da yawan ɗaliban kwas, kuma da wannan lissafi ne ake sanin marubucin da za a biya. Idan malami ya yi sikanin da kansa ya ɗora kai tsaye, wannan babi ya fita daga lissafi, marubucin kuma ba zai ga ko sisi ba. Wannan ne ɓangaren tsarin da na fi ganin darajarsa.

Ki karanta shafin gargaɗin nan da kyau. Yakan ba ki damar saukewa da bugawa, har da riƙe kwafin bayan kin gama kwas, amma domin amfanin kanki kaɗai. Tura wa ƙanwarki ya saɓa sharaɗin, komai kyan niyya. Game da ƙarin babi, ki sa malamin kwas ya nema, domin laburare na iya sayen izinin babi na biyu ko kwafin littafin na intanet. Idan kuma kina da larurar gani, doka ta ba da dama a mayar miki da littafin dukansa zuwa sigar da za ki iya karantawa.

Tambaya: Ni malami ne a wata jami'a a Arewa. Littafin da nake koyarwa da shi kwafi biyu ne a laburare, ɗalibaina kuwa sun haura 200. Ina so in ɗauka da waya in tura musu ta WhatsApp. Wace manhaja ce ta fi?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan kulawa. Manhajar Adobe Scan da sashen sikanin da ke cikin Google Drive duk suna aiki, amma yadda aka ɗauka ya fi manhajar muhimmanci. A shimfiɗa littafin kusa da taga da hantsi, a kashe fitilar waya domin tana barin farin tabo a tsakiyar shafi, a danne gefen da yatsa ko gilashi saboda rubutun da ke kusa da ɗinki kada ya lanƙwashe. A zaɓi baƙi da fari ko ruwan toka maimakon launi, fayil ɗin zai yi sauƙi ga ɗalibin da ke sayen data kaɗan-kaɗan. Idan da na'urar tebur za a yi, ɗigo 300 a kowane inci ya isa. A tura shi a matsayin PDF guda, domin hotuna ɗaiɗai WhatsApp yana matse su har ƙananan haruffa su dushe.

Bayan haka a bi da shi ta fasahar gane haruffa, wadda ake kira OCR, domin a iya neman kalma a ciki, makaho kuma manhajarsa ta karanta masa. A nan rubutun Hausa yana da tasa matsalar: manhajoji da yawa suna mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Sai an bi da ido an gyara.

Sai dai ba zan ɓoye wa Malam ba, tura littafi sukutum a zauren WhatsApp abu ne da ba na goyon baya. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta yi rangwame ga koyarwa da bincike da laburare da masu larurar gani, amma rangwamen yana duba yawan abin da aka ɗauka da kuma illar da zai yi wa kasuwar littafin. Fayil ɗin da ya shiga waya 200 yau, gobe yana wasu jami'o'in, kuma littattafan ilimi da malamanmu ke bugawa da kuɗin aljihunsu su ne suka fi saurin mutuwa ta wannan hanya. Na san ɗalibai ba su da kuɗin saye, kuma wannan ma gaskiya ce mai nauyi. Shawarata ita ce Malam ya zaɓi babin da darasi ya dogara a kansa, ya sa sunan marubuci da mawallafi da shekara a shafin farko, ya ɗora a shafin kwas na jami'a inda sai ɗalibin da ya yi rajista zai shiga. Ya tambayi shugaban laburare ko jami'ar tana da yarjejeniya da REPRONIG, ƙungiyar da ke ba da lasisin kwafi a Nijeriya. Idan kuwa marubucin yana raye, musamman idan abokin aiki ne a wata jami'ar, a rubuta masa a faɗi babin da ake so da yawan ɗalibai da zangon karatun, sannan a ajiye amsarsa a rubuce tare da fayil ɗin.