Amsa ga ƙanena: faifai biyu masu kwafin juna ba ajiya ba ce

Ƙanena, saƙonka ya iso. Wannan karon ba maganar biza ba ce, ba ta kuɗin makaranta ba, to alhamdu lillahi. Ka ce ka haɗa kwamfutar tebur da faifan ajiya guda biyu masu kwafin juna, tsarin da ake kira RAID 1, kana so ka zuba takardun shaidarka da hotunan gida da bayanan binciken da za ka gina kundin digirinka na biyu a kai kafin ka taso, kana tambaya ko shi ke nan ka kwantar da hankalinka. A'a. Wanda ya ce maka shi ke nan, faifai yake son sayar maka.

Matsala ɗaya tak wannan tsarin yake magancewa: faifai ɗaya ya mutu, kwamfuta ta ci gaba da aiki da ɗayan. Masu bincike na Jami'ar Berkeley ta Amurka da suka raɗa masa suna, suka bayyana shi a takardarsu ta 1988, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, abin da ke gabansu shi ne yadda za a haɗa ƙananan faifai masu araha su maye gurbin babba mai tsada, kuma aiki ba zai tsaya ba in ɗaya ya lalace. Ba su yi wa kowa alƙawarin dawo da abin da ya goge da hannunsa ba. Duk abin da aka rubuta a faifai na farko, nan take ake rubuta shi a na biyu. Ka goge folda bisa kuskure, ta tafi a duka biyun. Fayil ya gurɓace, gurɓataccen za a kwafa. Manhajar masu garkuwa da fayiloli ta shigo, irin WannaCry da ta kama kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayun 2017, duka biyun za ta kulle. Akwatin wutar kwamfutar ya ƙone, ko ɓarawo ya ɗauke ta, ai su biyun a ciki suke.

Amma abin da ya fi ci min rai ba waɗannan ba ne. Shirun da tsarin yake yi ne. Akwai wani ɗalibi ɗan gida da muka zauna unguwa ɗaya a nan, yana dab da miƙa kundinsa ya zo min da kwamfuta a rungume, ido ya yi ja. Da na duba, ashe faifai ɗaya ya fita daga tsarin tun watanni da suka wuce. Kwamfutar ba ta tsaya ba, tunda aikin tsarin ke nan, kuma ɗan gargaɗin da take nunawa lokacin tashi ba wanda ya tsaya karantawa. Yana ta rubutu a kan faifai ɗaya yana zaton biyu ne. Ranar da wancan ɗin ya mutu, abin da ya rage a hannunsa tsohon kwafi ne da babu babi ukun ƙarshe. Ya je ofishin sashensu yana roƙo, matar da ke wurin ta saurare shi cikin fara'a har ya gama, ta miƙo masa fom, ta nuna masa inda aka rubuta cewa matsalar kwamfuta ba uzuri ba ce. Nan babu wanda za ka tura ya roƙa maka. Kuma bizarka da wa'adin karatunka a ɗaure suke da juna, wannan ka riƙe shi da kyau. Na kwana ina tsamo masa abin da ya tsamu. Ya gama, ya samu aiki, yau ko gaisuwar Sallah ba ta haɗa mu. Allah Ya kyauta.

Kada kuma ka dogara ga SMART, wato rahoton lafiyar da faifai ke bayarwa da kansa. Yana da amfani, ka riƙa dubawa. Binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 a kan faifai sama da 100,000 ya nuna cewa faifan da ya nuna kuskuren farko wajen binciken fuskarsa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma a binciken nan dai, kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba ko kaɗan. Sannan na san yadda ka sayi naka: iri ɗaya, rana ɗaya. Tare za su tsufa, a zafi ɗaya, da aiki ɗaya. Lokacin da ɗaya ya mutu ka sa sabo, dole a karance tsohon daga farko har ƙarshe don a cika sabon, kuma a daidai wannan wahalar ce gajiyayyen faifai yake mutuwa.

In abin ya riga ya faru, ka kashe kwamfutar, ka cire hannunka. Yawancin ɓarnar da nake gani a wurin aiki, bayan matsalar aka yi ta, ba lokacinta ba. Windows ta ce a tsara faifan daga farko, ka ce a'a. Kada ka saki CHKDSK, manhajar Windows mai duba faifai da gyara shi, a kan faifan da ke tangal-tangal. Kada ka bari tsarin ya fara sake gina kansa kafin ka tabbatar wane faifan ne mai sabon kwafi, domin in ka juya musu baya za a shafe mai kyau da tsoho ko da fanko, kuma babu dawowa. Alherin RAID 1 guda ɗaya shi ne kowane faifai cikakken kwafi ne, sau da yawa za ka iya cire shi ka karanta a wata kwamfutar. Ka fara ɗaukar cikakken kwafin faifan gaba ɗaya zuwa wani sabo da manhajar ddrescue, wadda take kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna sannan ta koma kan masu ciwo. A kan wannan kwafin za ka yi gwaje-gwajenka. TestDisk tana dawo da ɓangaren faifan da ya ɓace, PhotoRec tana tsamo fayiloli amma ba sunaye ba folda, sai ka zauna kana buɗe dubbai ɗaya bayan ɗaya. Duka kyauta ne. In SSD ne kuwa, wato ma'ajiyar zamani da babu abin da ke juyawa a cikinta, ka goge abu, umarnin TRIM da kwamfuta ke aika mata kan share wurin ba da jimawa ba, sai addu'a.

In ka ji faifai yana ƙas-ƙas, babu manhajar da za ta yi maka aiki. Kada ka buɗe shi, kada ka sa shi a firiji kamar yadda ake yaɗawa. Sai kamfanin da ke da ɗaki mara ƙura, kuma kuɗin da suke karɓa ba na aljihun ɗalibi ba ne. Garanti kuma sabon faifai za su ba ka, fanko. Na taɓa yin dogon musu da wani kamfani kan haka, suka karanto min sharuɗɗansu layi-layi cikin ladabi.

Ga abin da za ka yi. Ka raba faifan nan biyu. Ɗaya ya zauna a kwamfuta, ɗayan ka sa shi a akwatin waje, ka riƙa kwafa kana cirewa daga wuta. Kwafi na uku ya tafi wani wuri daban, ko ma'ajiyar intanet mai riƙe tsofaffin kwafi. Wannan ita ce ƙa'idar 3-2-1 da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a nesa. Kuma ka riƙa gwada dawo da fayil daga ajiyar. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu, ya goge kimanin gigabait 300 bisa kuskure, suka juya ga hanyoyin ajiyarsu guda biyar suka tarar ba wadda ke aiki yadda ya kamata, sai wani kwafi na sa'o'i shida baya ne ya cece su. Ƙwararru ke nan, balle kai.

Kwamfutar tebur ɗin ka bar ta a gida, ba ta cancanci nauyin kaya a jirgi ba. Takardun shaida na asali su kasance a jakar hannunka. In ka kunna BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle faifai, ka rubuta lambobi 48 na buɗewa a takarda, don in babban allon kwamfutar ya mutu ba tare da su ba ko ni ba zan iya buɗe maka ba. Ka turo min hoton rahoton SMART na faifan biyu kafin ka taɓa komai, in faɗa maka wanda za a cire.